Faifan tunawa da Nina Simone: Abin da aka gada da abin da aka bari

A ranar 10 ga watan Yulin shekarar 2015 ne aka sauke tutar 'yan tawayen kudancin Amurka daga harabar majalisar dokokin jihar Carolina ta Kudu, tutar da baƙar fata ke yi wa kallon alamar zamanin bauta. An ɗauki matakin ne makonni uku bayan da wani matashi farar fata ya shiga wani cocin baƙar fata a birnin Charleston ya harbe mutum tara har lahira.

A wannan ranar ce kuma kamfanin RCA ya fitar da wani faifai mai suna Nina Revisited, wanda a cikinsa wasu fitattun mawaƙan Amurka suka sake rera waƙoƙin marigayiya Nina Simone, shahararriyar mawaƙiyar nan ta kiɗan jazz da soul, wadda ta rasu a Faransa a shekarar 2003 tana da shekaru 70 a duniya.

Haɗuwar ranakun dai dace ne kawai, domin an shirya faifan ne don ya raka wani fim na tarihin rayuwar mawaƙiyar mai suna What Happened, Miss Simone?, wanda Liz Garbus ta shirya, kamfanin Netflix kuma ya fara nunawa a ƙarshen watan Yunin shekarar. To amma dacen ya yi wa faifan nauyi. Matar da ake karramawa ta yi suna ne da waƙar da ta yi bayan kisan wasu 'yan mata huɗu a wani coci a shekarar 1963, sai ga shi bayan shekara 52 an sake zubar da jini a coci, masu saurare kuma suka zuba kunne su ji ko magadan nata za su tanka kamar yadda ta tanka.

Wace ce Nina Simone?

Sunanta na yanka Eunice Kathleen Waymon. An haife ta a watan Fabrairun 1933 a Tryon, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Carolina ta Arewa, dab da kan iyaka da Carolina ta Kudu. Mahaifiyarta mai wa'azi ce a cocin Methodist, kuma a cocin ne yarinyar ta fara kaɗa piyano tun ba ta isa shiga makaranta ba. Da mutanen garin suka ga baiwarta, sai fari da baƙi suka haɗa mata gudunmawa don ta yi karatu wurin wata malama 'yar Ingila, Muriel Mazzanovich, wadda ta ɗora ta a kan kiɗan Bach, Bajamushen nan na ƙarni na 18.

Burin Eunice shi ne ta zama makaɗiyar piyano ta kiɗan gargajiyar Turai, irin waɗanda ake zama tsit a manyan zaure a saurara. Waƙa ba ta cikin lissafinta sam. An ce a wasanta na farko a gaban jama'ar gari, tana 'yar yarinya, an tayar da iyayenta daga sahun gaba don a ba wa fararen fata wuri, ita kuwa ta naɗe hannu ta ƙi taɓa piyano sai da aka mayar da su mazauninsu.

A shekarar 1951 makarantar kiɗa ta Curtis da ke birnin Philadelphia ta ƙi ɗaukarta. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina cewa launin fatarta ne ya jawo ba, ko da yake wani malamin makarantar, wanda ya koyar da ita a gefe daga baya, ya musanta hakan. Ko ma mene ne dalili, ƙofar ta rufe. A 1954 neman abin sawa a baki ya kai ta wata mashaya a Atlantic City, inda mai wurin ya shaida mata cewa kaɗa piyano kawai ba zai wadatar ba, ko dai ta yi waƙa ko ta nemi wani aikin. Don kada labari ya kai kunnen mahaifiyarta cewa 'yar mai wa'azi tana kiɗa a gidan barasa, sai ta sauya suna. Nina laƙabi ne da wani saurayinta ke kiran ta da shi, Simone kuma ta aro shi daga 'yar fim ɗin Faransa Simone Signoret.

Mawaƙiyar da ta rayu kan waƙoƙin wasu

Akwai wani abu da mai saurare ba zai gane ba sai ya duba bayan faifan, wurin da ake jera sunayen marubuta. Daga cikin waƙoƙi 15 da ke ciki, ban da 'yar gajeriyar gabatarwar da aka buɗe da ita, uku ne kacal Nina Simone take da hannu a rubuta su. Sauran duk na wasu ne.

Feeling Good, wadda a yau kusan kowa ke jingina mata, wasu 'yan Ingila biyu ne, Anthony Newley da Leslie Bricusse, suka rubuta ta don wani wasan kwaikwayo na dandali a 1964. Ne me quitte pas ta Jacques Brel ce, ɗan ƙasar Beljiyam, da harshen Faransanci. I Put a Spell on You kuwa Screamin' Jay Hawkins ne ya yi ta a 1956 cikin ihu da barkwanci, kamar mai wasan tsoratar da yara, Nina ta ɗauke ta ta mayar da ita kukan macen da so ya rufe wa ido. Black Is the Color of My True Love's Hair tsohuwar waƙar fararen fata mazauna duwatsun Appalachia ce, mai asali daga Scotland, wadda ke yabon baƙin gashin masoyi. Da ta fito daga bakin baƙar mace a zamanin gwagwarmayar neman 'yanci, kalmar baƙi ta ɗauki wata ma'ana dabam ba tare da an sauya mata harafi ko ɗaya ba.

Wannan shi ne aikinta. Takan ɗauki waƙar da ta riga ta tsufa a bakin mutane, ta rage mata gudu ko ta ƙara, ta tsaya inda ba a saba tsayawa ba, ta cusa mata salon Bach a tsakiya da yatsunta, sannan ta rera ta da wata murya mai kauri wadda mai jin ta a karon farko kan yi shakkar ta mace ce ko ta namiji. Daga nan waƙar ta tashi daga hannun mai ita.

Saboda haka duk wanda zai yi faifan karrama ta ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya kwaikwayi yadda ta rera, ya saɓa wa hanyarta, tun da ita ba ta taɓa kwaikwayon kowa ba. Idan kuma ya sauya waƙar gaba ɗaya kamar yadda takan yi, to da me za a ce ya tuna da ita, alhali waƙar ma ba tata ba ce tun asali?

Yadda mawaƙan suka tunkari aikin

Robert Glasper, makaɗin piyano ɗan birnin Houston wanda ya yi fice wajen haɗa jazz da kiɗan hip-hop, yana cikin waɗanda suka jagoranci haɗa faifan. Amma wadda ta mamaye shi ita ce Lauryn Hill. Da farko waƙoƙi biyu aka nemi ta yi, sai ta ƙare da shida.

Ba abin mamaki ba ne da hankali ya koma kanta. Hill ta ambaci sunan Nina Simone a wata waƙar ƙungiyarsu ta Fugees tun a 1996. Faifanta na 1998, The Miseducation of Lauryn Hill, ya samo mata lambobin yabo na Grammy guda biyar a dare ɗaya, daga nan kuma ta ja da baya daga harkar, ba ta sake fitar da wani cikakken faifai da aka naɗa a ɗakin naɗar waƙa ba har zuwa lokacin. A 2013 ta yi zaman gidan yari na wata uku saboda rashin biyan haraji. Nina ma ta sha fama da hukumomin harajin Amurka, ita ma an yi mata tambarin mace mai wuyar sha'ani, mai sa masu kallo jira, mai faɗa da kamfanonin faifai. Kamannin sun yi yawa har ba sai an nuna wa kowa ba.

Muryar Hill a 2015 ba ita ce ta 1998 ba. Ta yi kauri, ta ɗan dushe, kuma hakan ya taimaka mata. A Feeling Good ta bi sawun Nina kusa da kusa, har wani zai ce ta cika ladabi. Inda ta fi sakin jiki shi ne I've Got Life, wadda ta gina a kan wata waƙar da Nina ta haɗa daga wasan kwaikwayon Hair a 1968. A nan Hill ta bar muryar marigayiyar tana amsawa daga baya kamar 'yar amshi, ita kuma ta zubo sababbin baitoci nata na kanta a salon rap kan halin da baƙar fata ke ciki. A duk faifan, nan ne aka fi kusantar abin da Nina ke yi wa waƙar wani.

Gregory Porter ya ɗauki Sinnerman, tsohuwar waƙar coci da Nina ta koya a tarukan wa'azin mahaifiyarta, wadda ke siffanta mai zunubi a ranar hisabi yana gudu daga wannan wuri zuwa wancan yana neman maɓoya bai samu ba. Nina ta ja ta fiye da minti goma a faifanta na 1965, da tafi da haki kamar mai gudun da gaske. Porter, wanda shi ma mahaifiyarsa mai wa'azi ce, ya san gidan da waƙar ta fito, sai dai muryarsa mai sanyi ce, ta mai lallashi, tsoron da ke cikin ta Nina bai fito sosai ba.

Mary J. Blige ta rera Don't Let Me Be Misunderstood, Usher kuma ya yi My Baby Just Cares for Me cikin laushi irin na waƙoƙin soyayyar rediyo. Ba su yi laifi ba, amma da an sa su a wani faifan dabam babu wanda zai tuna da Nina Simone.

Wadda lokaci ya fi yi wa aiki ita ce Baltimore, da Jazmine Sullivan ta rera. Randy Newman ne ya rubuta ta a 1977 kan birnin da talauci ya ci ƙarfinsa, Nina ta naɗe ta a 1978 a birnin Brussels, a wani faifan da ita kanta ta ce bai kwanta mata ba. A watan Afrilun 2015 wani matashi baƙar fata, Freddie Gray, ya mutu sakamakon raunin da ya samu a hannun 'yan sandan Baltimore, birnin kuma ya rikice da zanga-zanga har aka sa dokar hana fita. Waƙar da ta shekara 38 sai ta zama kamar an rubuta ta a makon.

Waƙar da babu

Abin da ba ya cikin faifan ya fi abin da ke ciki jan hankali. Babu Mississippi Goddam.

A watan Yunin 1963 aka harbe Medgar Evers, jagoran masu fafutukar 'yancin baƙar fata a jihar Mississippi, a ƙofar gidansa. A ranar 15 ga Satumba kuma 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka dasa bam a wani coci a birnin Birmingham na jihar Alabama, ya kashe 'yan mata huɗu, babbarsu ba ta wuce shekara 14 ba. Nina ta ba da labari a littafin tarihin rayuwarta cewa da ta ji labarin, kayan aiki ta tattara tana ƙoƙarin harhaɗa bindiga, sai mijinta ya tunatar da ita cewa ba ta san komai game da kisa ba, kiɗa ne abin da take da shi. Ta zauna gaban piyano, kafin awa guda ta gama waƙar.

Sunan waƙar kansa tsinuwa ce ga jihar Mississippi, da kalmar da ba a furtawa a rediyo a wancan zamani. Ta ɗora ta a kan kiɗa mai sauri irin na wasan nishaɗi, ta rera ta a zauren Carnegie Hall na New York a watan Maris na 1964 a gaban masu kallo waɗanda akasarinsu fararen fata ne. A naɗin da aka yi a daren ana jin su suna dariya da farko, can kuma dariyar ta ɗauke. Wasu gidajen rediyo a kudancin ƙasar sun mayar wa kamfanin da faifan a karye gida biyu. A shekara mai zuwa ta rera ta ga dubban mutanen da suka yi tattaki daga Selma zuwa Montgomery tare da Martin Luther King.

Nina ba ta ɓoye cewa ba ta yarda da tsarin King na ƙin rama duka ba. Ta fi karkata ga ra'ayin Malcolm X, kuma bayan kashe shi a 1965 iyalinsa sun zama maƙwabtanta a Mount Vernon da ke jihar New York, inda 'yarta Lisa ta tashi tare da 'ya'yansa mata. Ta yi imanin cewa waƙoƙinta na siyasa ne suka sa kasuwarta ta faɗi a Amurka.

Haka nan babu Four Women ta 1966, wadda ta zana mata huɗu baƙar fata masu launi dabam-dabam, kowace da tabon da bauta ta bar mata. Waɗannan biyun su ne waƙoƙin da ta rubuta da hannunta, ta kuma biya farashinsu. Daga waƙoƙinta na gwagwarmaya, wadda aka zaɓa ita ce To Be Young, Gifted and Black, wadda ta yi tare da Weldon Irvine a 1969 don tunawa da ƙawarta marubuciya Lorraine Hansberry, waƙar ƙarfafa wa yara gwiwa ce, ba ta zargin kowa. Mawaƙin rap Common da Lalah Hathaway suka sabunta ta.

Ba za a ce faifan ya guje wa siyasa ba. Angela Davis, tsohuwar 'yar gwagwarmayar nan da aka taɓa tsarewa a farkon shekarun 1970, ita ta rubuta bayanin da ke rakiyar faifan, baitocin Hill da na Common kuma ba su yi rufa-rufa ba. Mai yiwuwa ne kuma mawaƙan sun ga cewa waƙar da aka yi cikin awa guda da zafin zuciya ba ta aruwa. Amma sakamakon shi ne, wanda ya fara sanin Nina Simone ta wannan faifai zai san mai baƙin ciki da mai alfahari da launinta, ba zai haɗu da matar da ta tsine wa jiha guda a gaban fararen fata a Carnegie Hall ba.

Legas, Monrovia da 'yar da aka bari

Cikin waƙoƙi shida na Hill akwai African Mailman, kiɗa ne zalla babu baiti, wanda Nina ta tsara ta naɗa a 1957, tun ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba. Ta fara zuwa ne a watan Disambar 1961, lokacin da wata ƙungiyar baƙar fatar Amurka masu raya al'adun Afirka ta kawo tawagar mawaƙa da marubuta Legas, ciki har da Langston Hughes da makaɗi Randy Weston, shekara guda da 'yan watanni bayan Najeriya ta samu 'yancin kai.

A 1974, bayan aurenta ya mutu kuma ta yanke ƙauna da Amurka, ƙawarta Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu ta ja ta zuwa Laberiya. Ta zauna a Monrovia kimanin shekara biyu, ta kuma riƙa cewa nan ne ta fi jin daɗin rayuwarta. Daga can ta wuce Suwizalan, sai Holan, sai kudancin Faransa.

'Yarta Lisa tana da nata labarin na waɗannan shekarun. A fim ɗin Liz Garbus, wanda da amincewarta aka yi shi, ta bayyana cewa mahaifiyar tata, wadda mijinta kuma manajanta Andrew Stroud ya sha lakaɗa wa duka, ita ma ta koma dukan 'yarta, har yarinyar ta gudu wurin mahaifinta a New York tana da shekara 14. Sai a shekarun 1980 likitoci suka gano Nina na fama da lalurar taɓin hankali mai sa mutum ya riƙa lilo tsakanin tsananin kuzari da tsananin ƙunci. Lisa ɗin ce, wadda ita ma mawaƙiya ce, ta buɗe faifan da 'yar gajeriyar gabatarwa kan muryar mahaifiyarta, ta kuma rera guda daga cikin waƙoƙin da uwar ta rubuta.

Wa ke cin riba?

A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, waƙa kashi biyu ce. Akwai baitoci da karin da marubuci ya tsara, akwai kuma naɗin muryar wanda ya rera. Duk mai son sake rera waƙar da aka riga aka fitar yana da damar yin haka, muddin zai biya marubucin kuɗin da hukuma ta ƙayyade, wanda a 2015 ya kama kimanin senti tara na dala a kan kowace waƙa a kowane faifai da aka sayar. Wanda ya rera ta a baya, ko da shi ya sa duniya ta san ta, ba shi da kaso a wannan kuɗi.

Ma'ana, idan aka sake rera Feeling Good don karrama Nina Simone, kuɗin marubuci yana tafiya ne ga masu haƙƙin Newley da Bricusse. Abin da ta ƙara wa waƙar, wanda shi ne dalilin yin faifan baki ɗaya, doka ba ta san da zamansa ba, sai fa inda aka yi amfani da ainihin muryarta.

Ita ma ta san wannan tun tana raye. Faifanta na farko, Little Girl Blue, ta sallama haƙƙinsa ga kamfanin Bethlehem a kan dala 3,000. A cikinsa ne My Baby Just Cares for Me take, waƙar da a 1987 kamfanin turare na Chanel ya yi talla da ita, ta shiga sahun waƙoƙi goma da aka fi saye a Birtaniya, shekara 30 bayan naɗa ta. Farin jinin ya dawo mata da masu kallo a Turai, amma ta daɗe tana kokawa cewa an cuce ta a kuɗin faifan.

Karramawa kuwa ta zo a makare. Makarantar Curtis ta ba ta digirin girmamawa kwana biyu kafin rasuwarta a ranar 21 ga Afrilun 2003 a garin Carry-le-Rouet. Makeba ta halarci jana'izar, an kuma watsa tokar gawarta a wasu ƙasashen Afirka. A 2017 wasu masu zane huɗu baƙar fata suka haɗa dala 95,000 suka sayi ɗan gidan katakon da aka haife ta a Tryon don kada a rushe shi, a 2019 kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanar da sanya Mississippi Goddam cikin jerin naɗe-naɗen da ƙasar za ta adana.

Waƙa ta ƙarshe a faifan Nina Revisited ba a ba wa kowa ita ba. Naɗin Nina ne da kanta na shekarar 1967, na I Wish I Knew How It Would Feel to Be Free, waƙar mai burin sanin yadda 'yanci yake, wadda makaɗin jazz Billy Taylor ya tsara.